Wayar Nagatif ta Injin Mota: A Goge Ta, A Canja Ta, Ko A Ƙara Wasu?

Idan mota ta fara nauyin tashi, batir ake fara zargi. A canja shi, ta yi kwana biyu lafiya, ta koma gidan jiya. Sai a ce kik ne, wato na'urar da ke murza inji ya tashi, a kwance shi a canja burushi. Daga nan a koma kan altaneta. Sau da yawa sai an gama wannan zagayen ne wani mai wayarin zai leƙa ƙasan batir ya ce, "Alhaji, wayag ga ta ruɓe hwa." Baƙar wayar nan ce da ta fito daga kan batir na nagatif ta sauka a bodi, da 'yar uwarta da ta haɗa inji da bodi. Daga nan mai mota zai ji shawarwari iri-iri: wani ya ce a goge a ɗaure, wani ya ce a sa sabuwa mai kauri, wani ya ce a canja manyan wayoyin caji gaba ɗaya, wani kuma ya fito da kwalin wayoyi masu launi da aka ce suna ƙara wa inji ƙarfi suna rage shan mai. Dukkansu suna da farashi daban, kuma ba matsala ɗaya suke warwarewa ba.

Kafin a auna su, ya kamata a san aikin wayar. Wutar da ta fita daga batir ta jan waya, wato fozitif, dole ta komo ta nagatif, in ba haka ba babu abin da zai kama. Masu ƙera mota ba sa ja wa kowace fitila da kowane famfo waya biyu. Ƙarfen bodi da na inji su ne hanyar komowa. Matsalar ita ce inji a kan robobi yake zaune don kada jijjigarsa ta dami na ciki, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Shi ya sa ake ɗaura waya mai kauri tsakanin inji ko giyabos da bodi. Kik ta jikinsa yake mayar da wuta, altaneta ma ta jikinta, fulogi ma haka. Duk wannan nauyin a kan waya ɗaya ko biyu yake.

Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne. Kik na ƙaramar mota mai silinda huɗu yana jan amfiya 100 zuwa 200 lokacin da ake murza makulli, na dizal irin Hilux ko Canter ya fi haka nesa ba kusa ba. Lissafin da Bajamushen nan Georg Ohm ya fitar a 1827 shi ne ke aiki a nan: bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya shi ne yawan amfiya sau cikas ɗin da ke hanyar, wanda ake aunawa da om. Tsatsar da ta kawo cikas na om 0.01 kacal, wanda mita ta hannu ba ta ma iya nuna shi sosai, idan amfiya 200 ta bi ta kanta sai bolt 2 ya tafi. Batir mai cikakken caji bolt 12.6 yake nunawa, kuma yakan sauka zuwa wajen 10 lokacin tayar da inji. Cire 2 daga wannan, ka ga abin da ya rage wa kik. Rediyo zai yi waƙa, fitilar dashbod za ta kama, don su wuta kaɗan suke ja, sai mai mota ya rantse wayarsa lafiya lau.

A Kebbi wayar nan ba ta samun hutu. Zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet, kuma cikas ɗin jan ƙarfe yana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. Wannan na cikin dalilan da ke sa mota ta tashi lafiya da asuba a Birnin Kebbi, a tsaya shan mai a Koko da rana tsaka ta ce ba ta san zancen ba. Da damina motocin da ke shiga fadamun Argungu da Suru ɗaukar shinkafa suna wanka da laka har ƙasan inji, da hunturu ƙura ta manne a duk inda mai ya jiƙa. Ga wankin inji da ruwa mai ƙarfi. Ga ruwan batir da ke tsiyaya yana cin waya daga ciki. Sannan ga aikin hannunmu: kan batir da aka buga da dutse har ya buɗe baki, aka cusa ƙusa a gefe don ya kama, mai fenti da ya fesa fenti a wurin da waya ke zama sannan ya ɗaure ta a kai, da bakaniken da ya sauke inji ya ɗora na Beljiyam ya manta wayar giyabos tana lilo.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro. Wuta ba ta fasa komowa don an toshe mata hanya, kamar ruwan sama ne idan kwalbati ya cushe, ta cikin gidajen mutane zai bi. Za ta bi wayar totur, ko wayar kuloci, ko ta canjin giya, ko siraran wayoyin na'urorin inji. Wayar totur ta yi zafi robarta ta narke ta dinga maƙalewa, ko wayarin ya ƙone a cikin ɗaurinsa inda ido ba ya gani.

Don haka awo ne farko, ba saye ba. Mai wayarin da ke da mita ya juya ta zuwa bolt na batir, ya ɗora tsinke ɗaya a kan dalmar batir ta nagatif, dalmar kanta ba ƙarfen da ya kama ta ba, ɗayan kuma a kan tsaftataccen ƙarfe a jikin inji. A cire fiyus na famfon mai don kada motar ta tashi, a murza makulli na 'yan daƙiƙoƙi, a karanta. Idan lambar ba ta wuce 0.2 ko 0.3 ba, hanyar komowa lafiya take, a nemi matsalar a wani wuri. Idan ta kai 0.5 ko ta haura, an kama ɓarawo. Sai a matsar da tsinken daki-daki: daga dalma zuwa kan batir, daga kan batir zuwa bodi, daga bodi zuwa inji. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne ciwon. Wanda ba shi da mita ya ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ya kama nagatif da baki ɗaya, ya kama ƙarfen inji da ɗayan. In kik ya juya da kuzarin da ba ya yi a da, amsar ta fito. Duk mai wayarin da ya ce maka wayar ta lalace ko lafiyarta ƙalau alhali bai yi ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba, hasashe yake yi da kuɗinka.

Hanya ta farko ita ce gogewa da ɗaurewa, kuma ita ce ta fi arha, kusan ladan hannu ne kawai. A cire nagatif daga batir tukuna. A kwance notin da ya riƙe waya a bodi, a goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari yana sheƙi, babu fenti babu tsatsa, a goge kunnen wayar gaba da baya, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a sama don ya kare ruwa. Haka za a yi a gefen inji. Kan batir da ya buɗe baki a jefar da shi a sa sabo, kada a sake yi masa ciko da ƙusa. Akwai kuma tarin siraran wayoyi da ke haɗuwa a noti ɗaya a jikin inji, waɗanda kwamfutar mota da na'urorinta ke dogara da su. A tsofaffin Honda da yawa kusa da gidan tamostat suke. Kada a tsallake su. Na'urar da ke auna iskar salansa tsakanin bolt 0.1 da 0.9 take magana da kwamfuta, to idan notin nan ya saki har aka samu kuskuren 0.2, kwamfuta za ta dinga jin ƙarya tana zuba mai bisa ƙaryar. A nan ne gyaran nagatif ke rage shan mai da gaske, saboda ya mayar da motar yadda take, ba don ya ƙara mata wani abu ba.

Iyakar wannan hanya ita ce ba ta gyara wayar da ta ruɓe daga ciki. Ka tsaga robar kusa da kan batir kamar tsawon ɗan yatsa ka duba. Lafiyayyar waya ja ce tana ƙyalli, silinta suna lanƙwasuwa. Wadda ruwan batir ya shiga za ka ga kore-kore da farin gari a tsakanin silin, wani lokaci robar ta kumbura, in ka lanƙwasa ta ka ji tana ƙara kamar busasshen kara, silin suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan ko ka goge kunnenta ya zama madubi, aikin banza ne.

Nan hanya ta biyu ke shigowa: sabuwar waya ɗaya mai kauri a madadin tsohuwa, ko a ƙara ta kai tsaye daga inda nagatif ya sauka a bodi zuwa wani noti mai ƙarfi a jikin inji, kusa da kik in da hali. A ganina mafi yawan motocin haya da ke bin hanyar Jega zuwa Yauri, su Golf da Sharon da tsofaffin Peugeot, wannan suke buƙata, don shekarunsu sun ja kuma an sha sauke musu inji. Amma a nan ne kuma aka fi cutar mutane, saboda waya suna ta tara.

Kauri tukuna. Mita ɗaya ta jan ƙarfe zalla mai lamba 25mm tana ɓatar da kusan bolt 0.14 idan amfiya 200 ta bi ta. Mai lamba 16mm kusan 0.2. Wayar gida kuwa mai 2.5mm, irin wadda ake ja wa soket, bolt 1.4 za ta cinye a wannan tsawon, ta kuma yi zafin da zai narka robarta. Na sha ganin an murɗa irinta biyu ko uku an ɗaura a inji an ce an yi gyara. Bayan siranta, silinta masu tauri ne, jijjigar inji tana karya su. Ga ƙaramar motar fetur 16mm ta isa in tazarar gajeriya ce, 25mm ta fi kwanciyar hankali. Ga dizal a fara daga 35mm. Wayar walda tana da kyau ƙwarai a wannan aikin saboda silinta sirara ne masu yawa, tana lanƙwasuwa ba ta gajiya. Masu sayar da kayan sola ma suna da waɗannan lambobin na jona batiran inbata.

Sai dai a kula da abin da ke cikin robar. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe a sama. A ido ba ka bambanta su, farashinta kuma yana da daɗi. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka a kauri ɗaya, wato 25mm ɗinsa bai fi 16mm na gaskiya ba, kuma da danshi ya shige shi yakan zama gari a bakin kunne. Gane shi ba wuya. Ka karɓi guntu ka kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya fito daga ciki, alminiyam ne. Ko ka kunna masa ashana, silin alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take, na jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi baƙi ya tsaya. A hannu ma jan ƙarfe ya fi nauyi sosai. Ka yi gwajin a gaban mai shago kafin ya yanka maka, in ya ƙi yarda ka san dalili.

Akwai kuma zaɓi tsakanin saƙaƙƙiyar waya mai faɗi marar roba, irin wadda kamfani kan sa tsakanin inji da bodi, da zagayayyiya mai roba. Saƙaƙƙiyar ta fi jure motsi, kuma lalacewarta a fili take, da ka leƙa za ka ga ta yi kore ko ta fara tsinkewa. Aibinta tana riƙe laka da ruwa. Mai roba ta fi dacewa da motar da ke shiga fadama, da sharaɗin a rufe bakinta biyu da robar nan da ke tsukewa in an gasa ta, don in ruwa ya sami ƙofa zai yi ɓarna a ɓoye. Motar gari da ba ta taka ruwa, kowacce aka samu mai kyau ta yi.

Kunnen da za a sa a bakin waya shi ma jan ƙarfe ya zama, kuma a matse shi da abin matsewa na gaske har waya da kunne su zama abu ɗaya. Wasu sun fi son cika shi da dalma. Dalma tana bin silin ta sandarar da su, sai wayar ta karye daidai inda dalmar ta tsaya, don nan jijjiga ke taruwa. Matsewa ta fi. A bar wa wayar ɗan sassauci domin inji yana motsawa in an taka totur, a nisanta ta da salansa da fambel da fanka. Kada a kwance notin kan silinda ko na bututun mai don a rataya waya. A jikin inji da giyabos ba a rasa noti ko ramin noti da ba ya ɗauke da komai.

Hanya ta uku ita ce canja manyan wayoyi uku a lokaci guda: daga altaneta zuwa fozitif na batir, daga nagatif zuwa bodi, daga inji zuwa bodi. Ta fi tsada nesa, don waya ta fi yawa kuma dole a sa babban fiyus a kan jan wayar kusa da batir. Wanda ya ja jan waya mai kauri babu fiyus ya ajiye gobara a ƙarƙashin bonet, ranar da ta gogi ƙarfe robar ta huje babu abin da zai tsayar da wutar. Wa ke buƙatar wannan? Wanda ya ɗora wa motarsa kayan da kamfani bai lissafa da su ba: motar talla ko ta wa'azi mai manyan lasifikoki, Hilux da aka jera wa fitilun daji, motar asibiti mai inbata, ko wadda aka sa wa altaneta da ta fi ta asali girma. A irin waɗannan za ka ga mita tana nuna 14.2 a bayan altaneta amma 13.5 a kan batir, sauran ya ɓace a hanya, batir kullum cikin yunwa. Manyan wayoyi suna dawo da wannan. Abin da ba sa yi shi ne ƙara wa altaneta abin da take haifarwa. In mai amfiya 80 ce, 80 ɗin za ta bayar ko da wayar ta kai kaurin hannu. Direban da ke ɗaukar albasa daga Aliero da motar da babu abin da aka ƙara mata, kuɗinsa zai kashe a kan jan wayar altaneta da ba ta da laifi.

Hanya ta huɗu, kwalin wayoyi biyar ko shida masu launi da ake bazawa daga batir zuwa kan silinda, altaneta, bakin totur da bodi, ita ce na fi shakka a kai. Ba cewa nake ba ta aiki sam ba. In motar tana da ruɓaɓɓen nagatif aka ɗora mata wannan, za ta tashi da sauri, fitilu su ƙara haske, mai ita ya yi ta yabo. Amma waya ɗaya ta kirki da ta yi wannan aikin da kuɗi kaɗan. In kuwa nagatif ɗin lafiya yake, mita tana nuna 0.1, babu abin da ya rage da za a ceto. Inji ƙarfe ne dunƙule guda, kaurinsa ya fi na kowace waya da za a ɗora masa. Alƙawarin ƙarin gudu da ragin mai da ke jikin kwalin ba shi da inda zai fito. Ƙari a kan haka, yawancin masu arhar sirara ne a cikin roba mai kauri, sau da yawa alminiyam. Haɗarinsu shi ne suna rufe ciwo: babbar wayar tana ci gaba da ruɓewa, ranar da ta yanke gaba ɗaya sai wutar kik ta koma kan siraran nan.

Masu sababbin motoci su ƙara kula da abu guda. Motoci da yawa na shekarun baya-bayan nan, irin su BMW da Ford da wasu Honda da Toyota, suna da 'yar na'ura a kan nagatif na batir ko a jikin wayarsa, mai ƙirga wutar da ke shiga da fita domin kwamfuta ta san yadda za ta sarrafa caji. Za ka gane ta da ɗan soket mai siraran wayoyi a manne da kan batir. Duk wayar da aka ɗaura kai tsaye a kan dalmar batir ta tsallake wannan na'urar, kwamfuta ta dinga lissafi ba daidai ba, caji ya rikice. A irin wannan motar ƙarin waya daga notin bodi ake fara shi, inda wayar asali ta sauka, ba daga batir ba. Kwalin wayoyin nan masu launi kuwa kusan dukkansu daga kan batir aka tsara su tashi.

In aka jera su a gaban mai mota, ga yadda zan ba shi shawara. Mita ta nuna ƙasa da 0.3, kada ka sayi komai, a duba batir da jan waya da kik. Ta nuna sama da haka kuma cikin wayar ja ne mai kyau, a goge a ɗaure a sake aunawa a gabanka, ka ga lambar ta sauka da idonka kafin ka biya. Cikinta ya yi kore, ko an taɓa sauke injin ba a san inda wayar giyabos ta shiga ba, a sa sabuwa ta jan ƙarfe zalla, 25mm ga fetur, 35mm ko sama ga dizal, a kuma goge sauran wuraren duk da haka, don sabuwar waya a kan fenti daidai take da tsohuwa. Ka ƙara wa motar kaya masu jan wuta, a yi manyan ukun da fiyus ɗinsu. Kwalin masu launi kuwa, kuɗinsa ya isa ya sayi wayar walda mai kyau da kunnuwa da sabon kan batir.

Ko wacce aka zaɓa, nagatif ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda in sufana ta taɓa bodi tana kan fozitif alhali nagatif na haɗe, tartsatsin zai iya fasa batir. Wasu motocin rediyonsu zai nemi lambar sirri bayan an cire batir, wasu kuma silo ɗinsu zai ɗan yi rawa na ɗan lokaci kafin kwamfuta ta daidaita, wannan ba laifin gyaran ba ne. Motar da ke shiga ruwa a sake duba notocin nan da zarar damina ta ɗauke, a sabunta giris ɗin.